Wace kalmar Hausa ce za ta ɗauki "productivité"?

Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa shirin rediyo kan tattalin arziki a nan Maraɗi, kalma guda ta gagare ni: productivité ta Faransanci. Masu fassara labarai kan ce "yawan samarwa", ni kuwa ban gamsu ba.

Ga abin da ake nufi. Manoma biyu kowa ya tashi da dami hamsin na hatsi, ɗaya shi kaɗai ya yi noman, ɗayan shi da ƴaƴansa huɗu. Amfanin gona ya zo ɗaya, amma abin da hannu guda ya fitar ya bambanta. Wannan bambancin ake aunawa: abin da aka samu a kan abin da aka zuba na lokaci, ƙasa da kayan aiki.

Akwai waɗanda suka ƙare rayuwarsu kan wannan awon. John Kendrick ya yi aiki a ma'aikatar kasuwanci ta Amurka, a 1961 ya fitar da lissafin da ya bi abin tun daga ƙarni na 19. Kafin nan, a 1957, Robert Solow, masanin tattalin arziki na Amurka, ya duba shekarun 1909 zuwa 1949, ya gano kusan kashi 7 cikin 8 na ƙarin abin da ma'aikacin Amurka ke fitarwa a awa guda ba ƙarin jari ya kawo shi ba, sabuwar dabara da ilimi ne. Daga 1973 haɓakar ta yi sanyi, har yau masana na gardama kan dalili. To ya zan faɗi wannan har manomin Tibiri ya gane?

Wani malamin makaranta: Ɗan'uwa, me ya hana "ƙwazon aiki"? Kowa ya san ta.

Malam, na gode, amma ƙwazo na mutum ne. Mace mai daka gyaɗa a turmi don ƙuli-ƙuli ta fi mai kai wa injin niƙa zubar da gumi, ita kuwa mai injin ta fi ta fitar da mai. In muka ce ƙwazo ya ragu a ƙasa, mun zagi mutane da lalaci, alhali matsalar ƙila ta wutar lantarki ce ko ta hanya.

Wani dattijo: Yaro, ka ce "albarkar aiki" ka huta.

Baba, Allah ya ƙara girma. Tana da daɗin ji, sai dai ba zan iya buɗe baki a rediyo in ce albarka ta ragu da kashi biyu cikin ɗari ba. Kafin in fito daga tashar malamai sun kira ni.

Wani malamin gona: Ku yi hattara kada ku haɗa ta da rendement. Mu a wurinmu wannan shi ne abin da eka ko hekta ta bayar. Gonar da aka bar gawo ya tsaya cikinta, irin sassaben zamani da ya bazu daga yankin nan tun shekarun 1980, hatsinta kan fi kyau a gindin itacen. Wannan awon ƙasa ne kawai, taku kalmar ta fi shi faɗi.

Wata hajiya mai sayar da abinci: Ƙanena, kun yi nisa. Mu in tiya guda ta shinkafa ta cika tukunya, ta wani iri kuma ta tsaya rabi, cewa muke wannan tana da auki. Ba shi kuke nema ba?

Hajiya, wallahi shi ne! Tiya ɗaya aka zuba, abin da ya fito ya bambanta, kuma auki na ƙaruwa yana raguwa ba tare da an zagi kowa ba. Bari in gwada: "Aukin aiki ya ja baya a Amurka bayan 1973, ya farfaɗo wajen 1995 da yaɗuwar kwamfuta." Ya zauna a baki. Na ɗauki "aukin aiki", na hekta kuma "aukin gona".

Malamin gona: Na yarda. Saura wanda ke haɗa aiki da jari a awo guda, wanda ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka ya fara bugawa a 1983. "Aukin aiki da jari" ya yi mini tsawo, a kawo wata.