Lauyana ya bari an kori ƙarata, kuma ya riƙe min takardu

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, musamman lauyoyin cikinku, ina neman shawara.

Na yi wa wani kamfani aiki a Kano fiye da shekara 5, aka sallame ni rana tsaka, ba notis, ba kuɗin sallama. Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya kai shekara 5 sai an ba shi notis na wata ɗaya. Na ɗauki lauya, na biya shi rabin kuɗinsa, ya shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tunda ita ke da hurumin irin wannan shari'a.

Daga nan sai yau da gobe. In na kira, ya ce yana Abuja. Da na gaji na je wurin rajistara da kaina, sai na tarar an kori ƙarar saboda ba ya halartar zama. Ko saƙon waya bai turo min ba! Yanzu ya ce ba zai ba ni fayil ɗina ba sai na cika masa kuɗi, alhali takardar ɗauka aiki da ta sallama, na ainihi, duk suna ciki. Rasit ɗin kuɗin da na biya yana hannuna.

Shin sabon lauya zai iya neman kotu ta dawo da ƙarar ba tare da wannan fayil ba? Akwai wa'adin da zai iya wuce ni? Koken kuma fa, reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA zan kai wa, ko kwamitin ladabtar da lauyoyi na LPDC kai tsaye?

Allah Ya saka da alheri.