Wuƙa a wasan tebur na Dungeons & Dragons: a bar ta a d4 ko a ɗaga ta?

Mai Jan Wasa: Jama'a, ni ina ganin an zalunci wuƙa a bugu na 5 na dokokin wasan, na 2014. Ɓarnarta d4 ce (dayis mai fuska huɗu da ake jefawa a san yawan ɓarna; d6 mai fuska shida ne, haka sauran), matsakaici 2.5, gajeren takobi d6, wato 3.5, siririn takobi kuma d8. Wa zai ɗauki wuƙa da gangan? A dokar gida, wato dokar da 'yan tebur ke kafa wa kansu, a mayar da ita d6 kawai.

Sarkin Lissafi: Malam, in ka yi haka ka kashe gajeren takobi. Shi zinare 10 ne, wuƙa zinare 2, kuma ita ana jifa da ita ƙafa 20, har 60 in an yarda da raunin saiti. Duk biyun da zafin nama ake sarrafa su, duk ana riƙe su bibbiyu. Ɓarna ta zo ɗaya, me ya rage wa takobin? In ƙari kake so, bar d4 ta fashe: duk wanda ya jefa 4 ya sake jefawa ya haɗa. Matsakaici ya koma kusan 3.33, har yanzu ƙasa da d6.

Uwar Tebur: Wannan ya fi, amma a taƙaita fashewar sau ɗaya, a samu 3.125, kada mai wuƙa biyu ya riƙe tebur yana ta jifan dayis. Wasu kuma cewa suke a dawo da tsarin bugu na 3.5, mummunar suka, wato sukar da ke ninka ɓarna, ta faɗo in an jefa 19 ko 20 a d20 na hari, ba 20 kaɗai ba.

Sarkin Lissafi: Hajiya, wannan tarko ne. Ga mayaƙi ƙarin 0.125 ne kacal a kowace suka. Ga ɗan ajin Rogue, mai kai hari a ɓoye, a mataki na 9 ƙarin ɓarnar sukar bazata 5d6 ce, wato d6 biyar, kuma mummunar suka tana ninka duk dayis ɗin. Ƙarin 20 kenan sau ɗaya cikin jifa 20, wato 1 a kowace suka. Wanda ba ya bukata ne zai amfana, kuma an rage wa mayaƙin reshen Champion darajar abin da yake samu a mataki na 3, wato mummunar suka a 19 da 20.

Mai Jan Wasa: To sai a bar ta haka nan?

Uwar Tebur: A'a, a ba ta wurinta. Mayaƙan Turai masu sulke da wuƙar rondel, wata doguwar wuƙa mai tsini, suke gamawa, bayan an rungumi juna, a soka ta hammata ko ramin idon kwalkwali. Dokar gida da nake so ita ce: in an shiga kokawa, mai manyan makamai na hannu biyu ya jefa d20 biyu ya ɗauki ƙarami, mai wuƙa ya jefa nasa yadda ya saba.

Mai Jan Wasa: Me zai hana mai wuƙa ya jefa biyu ya ɗauki babba?

Uwar Tebur: Ka raba baiwar Grappler kyauta kenan, wadda ke ba ɗan kokawa wannan damar a kan wanda ya riƙe, kuma Rogue zai samu sukar bazata kowane zagaye ba tare da abokinsa na kusa ba. Raunana dogon makami ya wadatar.

Sarkin Lissafi: Da sauran gyara. Yawancin dodanni cizo da farce ne makaminsu, dokarki ba ta taɓa kerkeci ba. Dokar Nick ta bugun 2024 ta fi aiki kullum: sukar wuƙa ta biyu tana shiga cikin harin farko, ƙarin motsin zagayen da da ita za ta cinye ya kuɓuta, Rogue ya janye jiki ko ya ɓuya da shi.

Uwar Tebur: Kerkeci ai ba matsalar wuƙa ba ne, Malam. A haɗa Nick da dokar kokawa, a cire fashewar d4, don ukun a tare sun yi yawa.