Doktora a ilimin ƙwaƙwalwa: gonar likitoci ce?

Laouali: Abin nan ya ishe ni. Duk ɗan lissafi ko ɗan kwamfuta a Damagaram da ya ce zai yi doktora a ilimin ƙwaƙwalwa, sai a ce masa gonar likitoci ce. Alhali Edvard Moser da May-Britt Moser, da suka ci Nobel a 2014, ilimin halayyar ɗan Adam suka karanta.

Dr Hadiza: Ƙanena, gyara sunan tukuna. Ba ƙwaƙwalwa kaɗai ba ce. Ina ka bar laka da jijiyoyin hannu da ƙafa? Ilimin jijiyoyi ake cewa.

Mushe Issoufou: Wace jijiya, Hajiya? A Hausa ta jini jijiya ce, wadda mahauci ke yankewa a jikin nama ma jijiya ce. Ki ce wa tsohuwa a Birni ɗanta na karatun jijiyoyi, kawo masa hawan jininta za ta yi.

Dr Hadiza: To ciwon da suga ke sawa ƙafa ta mutu, a ƙwaƙwalwa yake?

Laouali: Ni fa ba suna na tambaya ba.

Sani: Ku bar suna, ku zo kan EEG, awon wutar ƙwaƙwalwa da wayoyin da ake mannawa a kai. A tsarin jera wayoyi na 10-20, wayoyi 21 a kai, kowace a sauke turjiyarta ga wucewar kuran ƙasa da kilo-om 5. Man kitso ko busasshen jel ya hana haka, sai kuran mai bugu 50 a daƙiƙa ya hau layukan da na'urar ke zanawa. A danna matatar da ke tace bugun 50 ɗin, layi ya yi kyau, muguwar wayar na nan ɓoye. Ɗan fizik ne ke gane wannan.

Dr Hadiza: Malam Sani, Hans Berger da ya fara ɗaukar EEG na mutum a 1924 likita ne. Kuma wa zai raba maka farfaɗiya da ƙiftawar ido a layukan goshi? Kitso kuwa, tun jajibiri ake cewa a tsefe, a wanke kai, kada a shafa mai.

Rabi: Tsefe kitson kwana biyu don awon minti 30? Akan bi tsagar kitson a manna waya.

Sani: In tsagar ba ta faɗa kan ma'aunin ba fa? Daga saman karan hanci zuwa ƙeya ake aunawa, ba makitsiya ke yanke wurin ba.

Rabi: Kai da ba a taɓa yi wa kitso ba!

Mahamadou: Lisansi shekara 3, masta 2, tezin doktora aƙalla 3. Mai shiga daga lissafi sai ya nemi mai kula na biyu daga ɓangaren lafiya, da izinin kwamitin ɗa'a kafin ya taɓa majinyaci.

Dr Moussa (mai kula da zaure): A taƙaice, an yarda sunan ilimin jijiyoyi ne, kuma ba a yi sai da likita. Ƙofa a buɗe take ga mai son ya taya mu da lissafi.

Mushe Issoufou: Su wa suka yarda da jijiya?