Neman shawara: in saka madubin hangen nesa mai ido ɗaya a jakar hawan dutse ko in bari?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah ina neman shawara don kaina ya ɗaure. In Allah ya kai mu Disamba za mu je gandun dajin Gashaka Gumti a Taraba mu hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419. Mijin yayata ne ya haɗa tafiyar, shi tun yana karatu a Jos yake hawan duwatsun Shere, ni kuwa iyakata Dala da Goron Dutse. Mutum ne mai tsauri wallahi, ya sa na ajiye babbar tocila na sayi ta ɗaurawa a goshi, ya sa na cire bargo, takalmin da na saya a Kofar Wambai ma ya ce bai yi ba sai da na canza, ga gwiwata ta hagu tana damuna tun da na faɗi a babur shi ya sa nauyin jaka yake ba ni tsoro. To yanzu na ga madubin hangen nesa mai ido ɗaya a intanet an rubuta 40x60, yana shiga aljihu har da abin maƙala waya. Mijin yayata ya ce asarar kuɗi ce. Ni kuma ina so in ga dabbobi da tsuntsaye, in an ɓace hanya kuma a hango. Ya kuka gani?

Baba Mai Sanda:
Wa alaikumus salam. Ƙanina kar ka kuskura ka sayi 40x60 ɗin nan, rubutun kwali ne kawai. Lambar farko sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Ɗauko rula ka auna milimita 60 ka gaya min wane aljihun riga zai shiga. Kuma ko da 40 ɗin gaskiya ne hannu ba zai riƙe shi ba, da ka wuce 10 hoton rawa yake, balle kana haki a kan gangare. Nemi 8x25, in ka raba 25 da 8 ka samu uku da ɗoriya, faɗin hasken da zai shiga idonka ke nan a milimita, da rana ya wadatar. In asuba da magariba kake so, lokacin da dabbobi ke fitowa, sai 8x42 amma ya fi nauyi. Kuma lallai wanda ruwa ba ya shiga, can sama akwai raɓa da sanyi, mai araha gumi yake yi ta ciki ba ka da yadda za ka goge.

Maman Ilham:
Hmm sayayyar intanet! Na taɓa yi wa yarona odar irinsa, da ya zo gilashin roba ne, kana dubawa gefe-gefe duk bakan gizo, na kira mai kayan ya ce in turo hoto, ina turawa ya toshe lambata. Har yau abin na ci min rai, Allah ya isa kawai.

Direban Jalingo:
Ni dai malam ka bar shi a gida. Hanyar Jalingo zuwa Bali zuwa Serti shinge ne bayan shinge, a wannan yanayi na tsaro a buɗe jakarka a ga abin hange me za ka ce? Akwai fasinjan da aka tsayar mana da mota saboda kyamara kawai, rana ta faɗi muna gefen titi, sauran fasinjoji ni suka huce a kai kamar ni na saka masa a jaka, kuɗin lodin dawowa ma na rasa.

Ɗan Fagge:
Na gode Baba, amma mai sayarwar ya turo min bidiyo an hango lambar mota daga nesa sosai, kuma mutane da yawa sun yaba a ƙasa. 8 ɗin nan ai kamar ya yi kaɗan. Direba, mu ai da izinin gandun za mu shiga, ba ɓoyewa zan yi ba.

Ummi Zariya:
Yaya ba wayarka na zumin ba? Me ya kai ka ƙarin kaya ga ciwon gwiwa.

Baba Mai Sanda:
'Yata zumin ɗin yawancin wayoyi faɗaɗa hoto kawai yake har ya dushe, kuma sanyi na shanye batir, ina zai yi caji a kan dutse? Kai kuma ƙanina bidiyon talla kowa na iya haɗawa. Maganar ɓata hanya ka cire ta ma, madubi ba ya nuna hanya a cikin kurmi, ma'aikacin gandu da ɗan jagora su ne hanyarka, kar ka rabu da su. Ga hazon hunturu a Disamba, wata rana ko tsaunin gabanka da ƙyar za ka gani. Amfaninsa na gaskiya ka hango ɓauna ko birai tun daga nesa, ka duba mashigar rafi kafin ka sauka da wannan gwiwar, in ƙaya ta shige ka ka juya shi ka duba ta baya ya girmama maka ita. Kuma kar ka taɓa kallon rana da shi.

Malamin Tsuntsaye:
Baba a nan ban yarda da kai ba. Mai ido ɗaya gajiyar da ido yake, ka runtse ɗaya kana bin tsuntsu minti kaɗan kanka ya fara sarawa. Mu da muke zuwa fadamar Dagona a Yobe kallon tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu duk mai ido biyu muke riƙewa. Ya sayi ƙaramin 8x25 mai ido biyu, bambancin nauyin ba yawa.

Baba Mai Sanda:
Kai zama kake a bakin ruwa malam, shi hawa zai yi da sanda a hannu ɗaya.

Direban Jalingo:
Ni dai na faɗi nawa.

Ummi Zariya:
Wai nawa ne ma kuɗin da ka ware? Ba ka faɗa ba.

Ɗan Fagge:
Gaskiya na riga na tura rabin kuɗin 40x60 ɗin tun jiya, mai sayarwar ya ce asali ne kuma in bai yi ba zai canza min. Abin da nake so in sani yanzu, in rataya shi a wuya ko in sa a cikin jaka yadda mijin yayata ba zai yi ta magana ba?