Ƙanena zai baro Saifurus bayan shekara biyu: wa ya taɓa sauya jami'a aka karɓi kiredit ɗinsa?

Babban Yaya, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda abin ya taɓa faruwa da su nake nema, don maganar "an ce" mun sha ta har ta ishe mu.

Ƙanena da ke bi mani yana karatun injiniyan gine-gine a Arewacin Saifurus. Ya tafi a 2022, lokacin dalar gwamnati ba ta kai naira 500 ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 muke ta kame-kame, da ta haura 1,500 a farkon 2024 kuwa sai abin ya fi ƙarfinmu. Filin da Baba ya bar mamu a hanyar Jibiya ya tafi a kuɗin makaranta. Yanzu mun yanke shawarar ya dawo gida ya ƙarasa. Semesta huɗu ya yi, ya ci kwasa-kwasansa duka sai guda ɗaya da ya faɗi. Abin da ke hana Inna barci shi ne kada a ce ya koma aji ɗaya, shekara biyu da kuɗin fili su bi ruwa. Duk wanda ya taɓa sauya jami'a, daga waje zuwa gida ko daga wata ƙasa zuwa wata, don Allah ya faɗa mamu yadda ta kaya da takardun da aka nema.

'Yar Daura, tsohuwar ɗalibar Khartum

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya kawo mafita. Ni ba da son raina na sauya ba. Ina aji uku a fannin haɗa magunguna yaƙi ya ɓarke, ranar 15 ga Afrilun 2023, muna cikin goman ƙarshe na azumi. A motocin bas aka kwashe mu zuwa iyakar Masar, muka yi kwanaki a bakin boda, daga baya jirgi ya ɗauko mu daga Aswan zuwa Abuja. Fasfo, katin makaranta da kaya kala biyu, iya abin da na fito da shi ke nan.

Da hankali ya kwanta, JAMB ta buɗe hanyar shigar da irinmu jami'o'in gida, na yi murna. Sai aka ce in kawo tiranskirif, wato takardar da ke jera kwasa-kwasan da na yi da makin kowane. Daga ina? Ofishin da zai bayar ya watse, fotal ɗin makaranta ya daina buɗewa, imel ɗin da nake turawa babu mai amsawa. Wata ƙawata da muka taho mota ɗaya tana da wata ɗabi'a da muke yi mata tsiya a kai: duk ƙarshen semesta sai ta buga sakamakonta a takarda, ta kai a buga mata hatimi, ta ɗauki hoto ta tura wa mahaifinta ta WhatsApp. Da waɗannan hotunan aka fara duba maganarta tun kafin ni in san inda zan dosa. Ni sai da na shafe watanni kafin in samu wani malaminmu da ya koma Alƙahira ya taimaka mani da takarda, a ƙarshe aji biyu aka ba ni.

Ƙanenka yana da abin da ni ban samu ba, wato lokaci. Makarantarsa a buɗe take, ma'aikata suna kan kujerunsu. Kada ya hau jirgi sai takardunsa suna cikin jakarsa.

Malamin jami'a, Layout

Na zauna a kwamitin sashenmu da ke duba irin waɗannan fayil-fayil, bari in faɗa maku abin da ido ke gani a kan tebur.

Kuskuren da na fi gani shi ne iyaye su ɗauka kiredit, wato ma'aunin nauyin kowane kwas, kamar kuɗi ne da ake canzawa wurin 'yan canji: kawo 120 na can a ba ka 120 na nan. Saifurus da Turkiyya suna rubuta ECTS ne, ma'aunin ƙasashen Turai, inda shekara guda take 60, semesta 30. Kowane ɗaya yana nufin awa 25 zuwa 30 na wahalar ɗalibi gaba ɗaya, har da karatun ɗaki da aikin gida. Namu yunit ɗin lakca yake ƙirgawa: awa guda a mako tsawon semesta, ɗalibi kuma yana ɗaukar 15 zuwa 24 a semesta. Don haka kwas mai ECTS shida yana iya tashi a yunit uku a wurinmu, ba a kuma cuci kowa ba.

Mu ba lambar muke fara dubawa ba. Tiranskirif suna da maki kawai yake nunawa. Zai ce yaro ya ci "Lissafi II" da B, to me aka koya mashi a ciki? Abin da ke amsa wannan shi ne bayanin kwas: takardar da ke jera darussan da aka yi mako-mako, awoyin lakca, awoyin ɗakin gwaji da littattafai. Na ga yara biyu daga makaranta ɗaya, aji ɗaya, makinsu kusan ɗaya. Guda ya zo da bayanin kowane kwas da hatimin sashe, muka jera da namu, ya samu aji uku. Ɗayan tiranskirif kaɗai ya riƙo, ba mu da hujjar da za mu kai gaba, ya tsaya a aji biyu. Har yau abin yana ci mani rai, don na san yaron ya san karatun.

Sai ku shirya wa wasu abubuwa. Injiniyanci a nan shekara biyar ne, a can huɗu, kenan ko an karɓi komai lissafin shekarunsa zai canza. Akwai kwasa-kwasan GST, na gama-gari da kowane ɗalibi ke yi, da ba a yin irinsu a waje, dole ya biyo su. A kuma duba WAEC ko NECO ɗinsa tun yanzu: kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ga injiniya kuma Fiziks da Kemistiri. Makarantun waje da yawa suna sassautawa a nan, mu ba mu da wannan damar. Hukuncin ƙarshe na majalisar jami'a ne, ba na shugaban sashe ba, komai kirkin da ya yi maku a ofis.

Abokin Tsangaya, Sabuwar Unguwa

Ni wani ejan ya taɓa ce mani akwai makarantu a Kwatano da ke karɓar yaro kai tsaye a ajin ƙarshe, ba ruwansu da wannan dogon bincike. Ko za ku gwada can?

Uban yara, Daura

Haba ɗan'uwa, kada ka tura bawan Allah cikin rami. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya ɓad da kama ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Ɗan ƙanwata da gaske ya zauna aji a can, ya sha wahalarsa, amma abin ya rutsa da shi, yana nan gida yana jira. Duk makarantar da ba ta tambayi me yaro ya karanta ba, takardarta ma wata rana za a tambaya.

Ɗan Rafin Daɗi a Kuala Lumpur

Yaya, ko da za ku sake tunani ku ce wata ƙasar zai koma, ga yadda tawa ta kasance a Malesiya. Daga Indiya na zo bayan semesta uku. A nan ƙa'idar a fili take: sai ka samu aƙalla C a kwas ɗin, sai kuma abin da aka koya maka ya yi daidai da nasu da kashi 80 cikin 100. Kwas goma sha biyar na kawo, tara aka karɓa. Biyu sun faɗi a kan maki, huɗu a kan rashin daidaito.

Abin da ban sani ba sai da na shiga: a makarantarmu waɗanda aka karɓa ɗin ba sa shiga lissafin CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi gaba ɗaya. Makin A ɗin da na tara a Indiya sun rage mani shekaru, amma ba su ɗaga mani maki ba, daga sifili na fara. Kuma neman yana da wa'adi, a semestar farko ake yinsa. Wani ɗan Zariya da muka zo tare ya ce sai ya huta tukuna, wa'adi ya wuce, ya maimaita kwasa-kwasan da ya riga ya ci, ya kuma biya kuɗinsu.

Hajiyar Ƙofar Ƙaura

Ɗiyata a Amurka take. Can ma sai da muka biya WES, masu tantance takardun karatun ƙasashen waje, suka auna takardunta kafin jami'ar ta duba. Abin da zan ƙara na rajista ne. A semestarta ta biyu wani kwas ya yi mata nauyi ta so ta ajiye shi, ashe mai bizar ɗalibi a digirin farko ba ya sauka ƙasa da kiredit 12. Da ta ajiye da ta koma tara, bizarta ta shiga matsala. Allah ya sa ta fara leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje kafin ta taɓa komai. Ku gaya wa yaranku su riƙa tambaya, ba abin kunya ba ne.

Injiniya, ya gama a Turkiyya

Yaya, akwai tambayar da ban ga kowa ya yi maka ba, kada ka ji nauyin amsawa, duk nan gida ne. Makarantar tana bin shi bashi?

Dalilina, a can komai a fotal yake ɗaure. In ana bin ka ko kaɗan ne, rajista ba ta buɗewa, tiranskirif mai hatimi ma ba a ba ka. Ya taɓa faruwa da ni a aji biyu. Kuɗi suka makara daga gida da kwana goma, kafin su iso makon ƙari da ragi ya wuce, wato ɗan lokacin da ake ba ɗalibi a farkon semesta ya ƙara kwas ko ya cire. Ajin da nake so ya cika, adbaizana, malamin da ke sa mani hannu a rajista, kuma ba ya da ikon yin haka bayan wa'adi. Kwas ɗin sharaɗi ne ga wasu guda biyu na gaba, kuma sau ɗaya ake yinsa a shekara. Kwana goman nan shekara guda suka ja mani.

Shi ya sa nake so a duba wanda ƙanenka ya faɗi. In irin su lissafi ne ko ƙarfin kayan gini, waɗanda wasu ke hawa kansu, zai iya riƙe shi ko a ina ya je. Makarantun can suna yin zangon bazara na 'yan makonni. In aljihu zai iya, ya gyara shi kafin ya taho. Kuma kada ya cike takardar barin makaranta sai wata ta ba shi gurbi a rubuce. In ya fita daga can bai shiga nan ba, ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko, izinin zamansa ma a kan rajistar yake.

Babban Yaya, Ƙofar Marusa

Injiniya, ka taɓo inda ke ciwo. Ana bin shi rabin kuɗin semestar ƙarshe, ban faɗa ba don nauyi. Mu a tunaninmu ya taho kawai, in Allah ya hore a biya daga nan. Jiya bayan isha'i muka zauna da Kawu da sauran 'yan'uwa na karanta masu amsoshinku ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya ɗauki nauyin bashin, Allah ya saka mashi. An ɗaga tikitin jirginsa da mako uku. Kwas ɗin da ya faɗi Lissafi na uku ne, kuɗin zangon bazara kuwa babu, sai dai ya maimaita a nan. Na sa a ɗauko WAEC ɗinsa daga akwatin Inna, Fiziks da Kemistiri duk ya ci.

Malam, Allah ya ƙara girma, tambaya ɗaya ta rage. Bayanin kwasa-kwasan yana shafin makarantar a intanet. In ya buga daga can ya isa, ko sai an sa hannu?

Malamin jami'a, Layout

Bai isa ba. Ya kai sashensu a buga hatimi a kowane shafi, kuma ya tabbatar na shekarar da ya yi kwas ɗin ne, don manhaja tana canzawa. Tiranskirif ya karɓi biyu: ɗaya a hannunsa, ɗaya a rufe cikin ambulan, saboda jami'o'i da yawa sun fi yarda da wanda makaranta ta aiko da kanta. Ya haɗo da takardar da ke bayanin yadda suke ba da maki, da wasiƙar shaidar cewa ba korarsa aka yi ba. Ku kuma kada ku jira ya sauka. Ranar Litinin ka ɗauki hoton abin da ke hannu ka je ofishin rajistara na jami'ar da kuke so, ka tambaya ko akwai gurbi a sashen da kuma ranar da suke rufe karɓar takardu.

'Yar Daura, tsohuwar ɗalibar Khartum

In ya karɓa, tun bai bar harabar makarantar ba ya ɗauki hoton kowane shafi ya turo maka, Yaya. Allah ya dawo da shi lafiya. A gaishe da Inna.