Muhawara: Wai har yanzu bindiga mai liba ce bindigar talaka?

Auta: Assalamu alaikum manya. Na gama kwas ɗin farauta, lasisi ya fito, bana in Allah ya yarda zan shiga daji neman barewa a nan Amurka. Raina ya kwanta da bindiga mai liba, irin wadda ake jan ƙarfen ƙasa a mayar, kwanso ya fita sabon harsashi ya hau. Dala 700 na ware. Da na faɗa wa Yaya Injiniya sai ya ce wai in cire rai, mai liba ta tashi daga bindigar talaka ta koma kayan ƙawa. Shi ne na kawo ƙara gaban jama'a.

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Cire "wai" ɗin, na faɗa kuma ina nan a kan bakana. Marlin 336 mai liba da kamfanin Ruger ya dawo da ita a 2023, farashin da kamfanin ya sa mata dala 1,239 ne. Winchester 94 tun da aka rufe masana'antar New Haven a 2006 ta koma hannun Miroku a Japan, ita ma ta haye dubu. To ina arhar? Da kuɗin da ke hannunka za ka ɗauki Savage Axis mai sakata, wato wadda ake jan ƙarfen gefe baya a mayar kamar sakatar ƙofa, har da madubin hange a kanta, ka sayi harsashi, ka yi canji. Kuma ba mugunta kamfanonin suke yi ba. Mai liba ƙananan ƙarafa ne da yawa a cikinta, kowanne sai an sassaƙa an daidaita shi da ɗan'uwansa, ga katako. Mai sakata ta zamani kuwa bututu ne da sakata da gindin roba.

Kawu: Injiniya, kai kullum sabo kake dubawa. Wa ya ce wa yaro dole sai daga kwali? Winchester 94 kaɗai an ƙera sama da miliyan 7 tun 1894 da John Browning ya zana ta. Marlin 336 tana fita tun 1948, ita ma miliyoyi. Ina kake tsammanin suka tafi? Suna nan a shagunan jingina da ƙananan shagunan bindiga na ƙauye. Yawancinsu mai su sau ɗaya yake fito da su a shekara, ya yi harbi biyu ko uku ya goge ya mayar. Bindigar da ta shekara 40 a haka ai ba ta tsufa ba, katakon ne kawai ya ɗan kwarzane. Ɗana, nemi 336 ta hannu mai cin harsashin .30-30, ka duba gefen bututun kusa da jiki, in ka ga tambarin JM to ta tsohuwar masana'antar Connecticut ce. In ka ga an rubuta Glenfield kada ka raina ta, Marlin ce ta yi ta don manyan kantuna, katakon ne mai arha, cikin duk ɗaya.

Injiniya: Kawu, da girmanka, farashin da ke kanka na shekarun baya ne. Lokacin da ake samun 336 a dala 300 ya wuce. Remington ya sayi Marlin a ƙarshen 2007, aka rufe masana'antarta ta North Haven a Connecticut, aka kwashe aikin, mutane suka yi ta kuka da ingancin na farko-farkon da suka fito daga sabon wuri. Daga nan kowa ya koma neman mai JM. Sai Remington ya karye a 2020, Ruger ya saye Marlin, aka yi sama da shekara babu sabuwa a kasuwa. Yanzu duk mai shago ya san abin da haruffan nan biyu ke nufi, shi ma yana da waya a hannu.

Kawu: Ta yi tsada, ban musa ba. Amma tsada daban, fin ƙarfi daban. Mai haƙuri yana samu a cikin kuɗin Auta, musamman bayan an rufe kakar farauta, wajen Janairu da Fabrairu, lokacin da mutane ke neman kuɗin biyan bashin hidimar ƙarshen shekara. Sai dai a buɗe ido. Ka buɗe libar ka haska fitila ta baya ka leƙa cikin bututu, tsatsa mai rami ita ce abin gudu. Ka duba inda katako ya haɗu da ƙarfe ko akwai tsaga. Ka kalli kan sukurori, in duk sun lauye to wani gwanin kansa ya taɓa kwance ta da sukudireban kicin. Ka ja libar a hankali ka ji ko tana sarƙewa a hanya.

Anti: Ni abin da ban gane ba a maganar Injiniya, wa ya ce masa Auta harbin yadi 300 zai yi? Mu nan Wisconsin dajin duhu ne, barewa takan ɓullo maka a yadi 40 ko 60, wani lokacin ma sai ka ji takunta a busasshen ganye kafin ka gan ta. A irin wannan wuri gajerar bindiga mara nauyi da za ka ɗaga nan take ta fi doguwa mai ƙaton madubi. Ni mai liba ta kamfanin Henry nake riƙewa, ta nan jihar, Rice Lake. Da can ta baki kawai ake ɗura mata harsashi, a zare sandar bututun ƙasa a zuba a mayar, amma tun 2019 suka fara sa ƙofar gefe. Kuma Auta, ba kai bahago ba ne?

Auta: Bahago ne Anti, har yau da hagu nake rubutu duk da dukan da na sha a makarantar allo.

Anti: To ka gani. Liba a ƙasa take, ba ruwanta da hagu ko dama.

Injiniya: Anti, Savage na yin Axis ta bahagwai, wannan ba hujja ba ce. Kuma ki faɗa masa gaskiya nawa Henry mai .30-30 take. Mai arhar da kowa ke gani a kanti .22 ce, ta zomo da kurege, ba a harbin barewa da ita. Sannan akwai matsalar da masoya liba ba sa son a taɓo. Harsasai a bututun ƙasa a jere suke, kan wannan na tokare da gindin na gabansa, daidai wurin da ake bugawa ya tashi. Shi ya sa dole kansu ya zama mai faɗi ko mulmulalle, kuma irin wannan kan iska na saurin cinye masa gudu. .30-30 na fita da gudun ƙafa 2,400 a daƙiƙa ko ƙasa da haka, kafin yadi 200 ya fara sunkuyawa sosai. .308 da mai sakata ke ci bai san wannan ba.

Kawu: Hornady sun fito da mai kan roba mai laushi tun kusan shekara 20, yana da tsini kuma ba ya tayar da na gaba. Amma ni ko shi ban damu da shi ba. Harsashin nan tun 1895 yake cika tukwane. Barewar yanzu sulke ta fara sawa?

Malam: Ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni cin naman na fi ƙwarewa a kai. Malamai da yawa sun halatta abin da aka harba da bindiga in an ambaci sunan Allah lokacin harbi kuma harsashi ya huda ya zubar da jini, in kuma ka iske ta da sauran rai sai ka yanka. Abin da nake so Auta ya riƙe shi ne kada dabba ta wahala. Sabon maharbi da aka ba bindigar yadi 300 zai gwada yadi 300, ya fasa mata ciki ko ƙafa ta gudu ta mutu inda ba wanda zai gan ta. Wadda ta tilasta masa ya matso kusa ta fi masa alheri a shekarar farko. Amma tambaya ɗaya, duk kun yi ta zuba ba wanda ya yi ta. Auta, a wace jiha za ka yi farautar?

Auta: Ohio mana Malam, ai ina Columbus. Wani abokin aikina ne ya ce in zo gonarsu ta wajen kudu maso gabas.

Anti: Kash. To an gama da .30-30.

Injiniya: An gama da .308 ɗina ma.

Auta: Ban gane ba, me ya faru?

Anti: Ohio ba ta yarda a harbi barewa da harsashi mai wuya ba, wato wanda kwansonsa ke da faɗi a ƙasa ya tsuke a sama kamar kwalba. .30-30 haka yake, .308 ma haka. Da can ma bindigar tsuntsaye mai dunƙulen dalma da ta ɗure suka fi sani. A 2014 ne suka buɗe ƙofa ga raifal, amma sai mai miƙaƙƙen kwanso, daga .357 zuwa .50. Dalilinsu ƙasar a shimfiɗe take, gonaki da gidaje kusa da juna, ba sa son harsashin da zai yi tafiya mai nisa. Kuma harsashi uku kawai aka yarda ka sa a cikinta gaba ɗaya, ko da tana cin goma. Ka karanta littafin dokar bana da kanka, suna sabunta shi duk shekara.

Kawu: Ni Pennsylvania nake, nan .30-30 sarauniya ce, shi ya sa bakina ya tafi can. Amma ku lura, wannan doka gefena ta faɗo. Harsasan da Ohio ta yarda da su ai 'yan gidan liba ne: .357 Magnum, .44 Magnum, .45 Colt, .444 Marlin, .45-70 da sojan Amurka ya fara amfani da shi a 1873. Ɗana, ga Rossi R92, a Brazil ake yin ta, kwafin Winchester 1892 ce, ita ma zanen Browning. Nauyinta bai kai kilo 3 ba. Sabuwa fil tana yawo a kusa da kuɗin da ka ware. Ɗauki mai .44 Magnum, a yadi 100 zuwa ƙasa ba barewar da za ta yi maka gardama.

Injiniya: Kusa da kuɗinsa, ba cikin kuɗinsa ba, ga haraji ga harsashi. Kuma R92 ta sama take tofar da kwanso kamar tsohuwar 94, ba a ɗora mata madubi a inda aka saba, sai dai can gaba a kan bututu. Barewa kuma da asuba da gab da magariba take fitowa, lokacin da saitin ƙarfe ke ɓacewa a ido. Ni ban janye ba. Winchester sun fito da .350 Legend a 2019 musamman don jihohi irin Ohio da Michigan da Iowa, kwansonsa miƙaƙƙe ne, dukan kafaɗarsa kaɗan ne, harsashinsa da sauƙin kuɗi, kuma Axis da Ruger American duk suna cin sa. Har yanzu mai sakata ce mai arha.

Anti: In .350 Legend ne abin taƙama, su ma masu liba an yi musu nasu. Remington da Henry sun fito da .360 Buckhammer a 2023, kwanson .30-30 ne aka miƙar da shi.

Injiniya: A nawa bindigar? Kuma shiga kantin ƙauye ki tambayi harsashinsa ki ga sau nawa za a ce miki babu.

Anti: Wannan kam da gaskiyarka, bai bazu ba tukuna.

Malam: Ni a nawa ganin kuna auna arha a ranar saye kawai. Wanda bai taɓa harbin dabba ba yana buƙatar ya ƙona harsashi da yawa a filin gwaji kafin Nuwamba. Mai .357 tana cin .38 Special, wanda ya fi sauƙin kuɗi kuma ba ya dukan kafaɗa, sai ya yi ta koyo da shi, ranar farauta ya sa .357 mai nauyi.

Kawu: Malam, .357 na kashewa, amma ba ya yafe kuskure. Barewar Ohio ƙatuwa ce, masara da waken soya take ci. Ga gwani a yadi 70 ba laifi. Ga Auta da hannunsa zai yi rawa ranar farko, na fi son .44. Ita ma tana cin .44 Special in yana son mai laushi, sai dai ba shi da arhar .38. Abin da ban ba shi shawara ba shi ne .45-70. Yara na son ta saboda suna, amma a bindiga mara nauyi dukanta na sa sabon maharbi ya fara runtse ido kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a in ta kama mutum da wuya ta sake shi.

Auta: To yanzu in na fahimta, Yaya Injiniya ya ci gaskiya a kan farashi, Kawu kuma ya ci a kan Ohio.

Injiniya: Ban yarda ya ci a kan Ohio ba. Na ce maka .350 Legend.

Kawu: Kai dai ba ka taɓa jan liba a daji ba ne. Yaro ya ce ransa na so, kana ta karanto masa rasit.

Injiniya: Rasit ɗin shi zai biya ai, ba ransa ba.

Anti: Ku bar shi ya taɓa da hannunsa. Auta, kakar bindiga a Ohio Litinin ɗin bayan bikin Thanksgiving na ƙarshen Nuwamba take buɗewa, kana da lokaci amma ba mai yawa ba. Je ka shago ka ce a ba ka R92 da Axis ta hagu, ka rufe ido ka ɗaga kowacce zuwa kafaɗa, ka buɗe ka ga wacce saitinta ya zo daidai idonka. Ka tafi da katin shaidarka na jiha da katin zamanka, za ka cike fom 4473 su bincika sunanka kafin su miƙa maka. Kuma a cikin dala 700 ɗin nan ka cire kuɗin riga mai ruwan lemo, dole ce a kakar bindiga, da abin toshe kunne, da wuƙa mai kyau.

Auta: Asabar zan je in sha Allah. Kawu, in na ga ta hannu mai .44 zan turo hoton cikin bututun ka duba min kafin in biya.

Kawu: Turo. Ka ɗauki na kan sukurorin ma.

Injiniya: Ka turo da hoton farashin Axis ɗin da ke gefenta.