Bakin watana ya fito kamar matakala, ku taimaka min

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗinkin hannu. Ina yi wa ƙanwata rigar matashi ta kayan ɗaki, jinjirin wata da furanni, da ɗinkin gicciye (mai siffar X) a yadin Aida, wato yadin nan mai ƙananan gidaje, mai gida 14 a kowane inci. Zaren kamfanin DMC na samo a kasuwar Dole nan Damagaram, sili biyu nake sakawa. Furannin sun yi kyau, amma lanƙwasar watan ta ƙi, gefen duk tsani-tsani. Sau uku ina warwarewa, har yadin ya fara saki.

Na gwada kwatan gicciye a gefen, allurata mai dakushin baki ta ƙi huda tsakiyar gida. In zagaye bakin da sili ɗaya ne, ko in koma yadi mai gida 18? Biki saura sati uku, don Allah.